Linki 5,000 da ƙanina ya saya, da abin da Google ya yi da su

Ranar Asabar da ta wuce bayan la'asar ƙanina ya same ni a shago da laftof ɗinsa a hammata, ko zama bai gama yi ba ya ce "Yaya don Allah duba min abin nan, wata biyu kenan da na biya kuɗi amma shafina ko motsi bai yi ba." Yaron nan turaren wuta da humra yake sayarwa, matarsa ke haɗawa shi yana tallatawa, kuma wallahi suna ƙoƙari sosai, bara ne ya buɗe shafin intanet na kansa saboda ya gaji da dogaro da Instagram kaɗai. To wani ne ya same shi ta WhatsApp ya ce zai haɗa masa linki 5,000 daga shafuka daban-daban duk suna nuno nasa, wai cikin sati biyu zai ga kansa a shafin farko na Google. Shi kuma ya yarda ya tura kuɗi, kuɗin da da kwalabe da itacen sandal ya saro da su da yanzu sun juya.

Na ce buɗe min Search Console ɗinka, wannan manhajar da Google ke bai wa masu shafuka kyauta. Muka shiga ɓangaren da ke nuna shafukan da suka yi nuni zuwa naka. Jama'a in kun ga abin da muka gani. Shafukan caca, shafukan sayar da magunguna marasa rajista, wasu da rubutun da ni da shi ba wanda ya iya karanta ko harafi ɗaya, wasu kuma in ka buɗe babu komai a ciki sai jerin linki kamar layin tururuwa, ɗaruruwa a shafi guda, na mai gyaran famfo a wata ƙasa a sama na ƙanina a ƙasa. Kuma dukkansu kalma ɗaya aka rubuta a kan linkin, "turaren wuta mai kyau a Kano", sau dubbai, ko waƙafi bai bambanta ba. Ya dube ni ya ce "amma ai Yaya linki ne, ba cewa aka yi Google linki yake ƙirgawa ba?"

Abin ya tsaya min a rai shi ya sa na ce sai na zauna na rubuta, don na san ba shi kaɗai ba ne. Ni kaina na daɗe ina riƙe da ɗan shafina na kiwon kaji da Hausa, kuma kusan duk sati sai an turo min irin wannan tallar.

Abin da na ce masa shi ne, ka tuna lokacin da ka je neman aurenka? Iyayen yarinyar nan ba su ce ka kawo mutum ɗari su ce kai mutumin kirki ne ba. Limamin masallacinku suka tambaya, da maigidanka na kasuwa da ka yi shekara shida a ƙarƙashinsa, da wani dattijo maƙwabcinmu, mutum uku kacal, magana ta ƙare. Da a ce ka ɗebo samari hamsin daga tasha ka raba musu kuɗin shayi su je su yi ta yabonka da kalma iri ɗaya, me kake jin zai faru? Ya yi shiru. To linki shaida ne, kuma injin bincike ya daɗe da koyon tambayar da kowane dattijo yake yi, wa ya yi shaidar, ya san abin da yake magana a kai, kuma biyansa aka yi ko kuwa.

Asalin abin ma daga nan ya taso. A tsakiyar shekarun 1990 injinan bincike irin su AltaVista sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafin kansa, shi ya sa mutum zai cika shafinsa da kalma ɗaya sau ɗari, wani ma ya rubuta da farin rubutu a kan farin bango don kada ido ya gani, sai ya hau sama. Yabon kai kenan. Sai wasu ɗalibai biyu a Jami'ar Stanford ta Amurka, Larry Page da Sergey Brin, suka fara wani aiki a 1996 da suka sa wa suna BackRub, wanda daga baya ya zama Google a 1998. Tunaninsu daga duniyar malaman jami'a suka ɗauko shi, inda ake gane darajar bincike da yawan masu kafa hujja da shi, da kuma su wane ne masu kafa hujjar. Suka ce to a intanet ma linki kamar kafa hujja ne. Lissafin da suka gina a kai shi ne PageRank.

Kuma tun ranar farko ba ƙirga kai ake yi ba, nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Kowane shafi yana da nasa nauyi da ya samo daga waɗanda suka nuno shi, sannan shi ma in zai nuna wasu sai ya raba musu wannan nauyin. Shafin da ke da nauyi kuma linki goma ne kawai suka fita daga cikinsa, kowa zai samu rabo mai tsoka. Shafin da shi kansa ba wanda ya taɓa nuno shi, kuma ya jera linki 500, to me zai raba? Tukunya ce babu tuwo an kira mutum 500 cin abinci. Yadda suka kwatanta shi, ka ɗauka akwai mutumin da ke yawo a intanet yana danna linki a makance, sau 85 cikin 100 zai danna wani linki ya ci gaba, sauran 15 zai gaji ya tsallaka wani wuri daban, to shafin da wannan mai yawon ya fi yawan faɗawa shi ne mai nauyi. Shafukan da aka jefa linkin ƙanina, mai yawon nan zai shekara dubu bai bi ta kansu ba.

Daga baya aka ƙara wa abin hankali. A 2004 wasu masu bincike daga Stanford da Yahoo suka fitar da dabarar da suka kira TrustRank, wato a zaɓi 'yan shafuka kaɗan da mutum ya duba da idonsa ya tabbatar na kirki ne, sai a bar amana ta gangara daga gare su zuwa waɗanda suka nuna, daga nan zuwa na gaba, tana raguwa a kowane mataki. Hujjarsu ita ce shafin kirki ba kasafai yake nuna shafin banza ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai isnadi ya faɗo min a rai, yadda malaman hadisi ke duba wa ya ji daga wa, kuma mutum nawa ne tsakaninka da tushe, misali ne kawai nake bayarwa ba haɗa su nake ba, amma duk wanda ya zauna gaban malam a zaure zai gane abin nan da nan. Kusancinka da amintattu yana ɗaga ka, in kuma duk masu nuno ka 'yan caca ne, to zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Sai maganar dacewa. Shafi zai iya zama babba mai mutunci amma shaidarsa a kanka ba ta da ƙarfi in ba fanninsa ba ne. Ga mai turare, linki daga shafin mai gyaran amare ko mai shirya biki ko wata jarida da ta yi rahoto a kan sana'ar mata, ya fi ma'ana nesa ba kusa ba a kan linki daga shafin kayan gyaran mota. Inda aka ajiye linkin a cikin shafin ma ana dubawa. Google ya samu haƙƙin mallakar wata dabara a 2010 da ke cewa mai yawon nan fa ba makaho ba ne, yana da hankali, ya fi danna linkin da ke tsakiyar rubutu inda marubuci ya ce "duba bayanin wane a kan wannan" fiye da wanda aka cusa can ƙasan shafi da ƙananan haruffa kusa da shekarar haƙƙin mallaka. Linkin da mutum na gaske zai danna shi ne mai daraja. In kana son gwaji mai sauƙi, wannan ne, ka tambayi kanka akwai ɗan Adam ɗin da zai bi ta wannan linkin ya zo shafina ya ji daɗin zuwan?

Kalmomin da aka rubuta a kan linkin kuwa, su ne suka fi tona asirin ƙanina. Tun farko Google yana ɗaukar waɗannan kalmomin a matsayin bayanin da wasu suka yi a kanka, kuma ya ba su ƙarfi sosai har abin ya zama wasa a hannun mutane. Wajen ƙarshen 2003 masu adawa da Shugaba George W. Bush suka haɗa baki suna saka linki zuwa shafin tarihinsa na fadar White House da kalmomin Turanci masu nufin mummunar gazawa, aka wayi gari in ka nemi waɗannan kalmomin shafinsa ne na ɗaya, alhali babu su ko sau ɗaya a cikin shafin. Sai a Janairun 2007 Google ya gyara. To tun daga irin waɗannan abubuwan injin ya koyi cewa mutane na gaske ba sa magana da baki ɗaya. In mutum ashirin suka nuno shafinka don kansu, wani sunan shagonka zai rubuta, wani adireshin zai manna haka nan, wani ya ce "danna nan", wata ta ce "wajen da na sayi humrar bikina". In aka ga dubbai duk jimla ɗaya, kuma duk sun ɓullo cikin sati guda ga shafin da jiya ba wanda ya san shi, ai ko yaro ya san shaidar zur ce.

Kada wani ya ɗauka ƙananan mutane kaɗai abin ke kamawa. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda J.C. Penney, wani katafaren kamfanin kantuna a Amurka, yake fitowa na ɗaya a kusan komai, riguna, zannuwan gado, darduma, kayan ɗaki, ashe dubban linki aka shuka masa a shafukan da ba su da alaƙa da kayan ko kaɗan. Google ya hukunta shi da hannu, wato ma'aikatansa ne da kansu suka yi hukuncin ba lissafi ba, a wasu kalmomin ya faɗo daga na 1 zuwa wajen na 70, kamfanin ya ce ba da saninsa aka yi ba ya sallami waɗanda ke masa aikin. A Janairun 2012 ma Google ya hukunta shafin Chrome, burauzarsa ta kansa, na aƙalla kwana 60, saboda an samu linkin da aka biya kuɗi a wani kamfen ɗin talla da aka yi masa.

Babbar girgizar ita ce Penguin, 24 ga Afrilun 2012. Wannan sabon lissafi ne da aka ƙera musamman don kamo masu magudi, musamman na linki, kuma Google da kansa ya ce ya taɓa kusan kashi 3 cikin 100 na binciken da ake yi da Turanci. Mutane sun kwana da kasuwa sun tashi babu. Abin da ya fi ciwo a lokacin shi ne in ya kama ka, ko ka gyara sai ka jira an sake juya lissafin, kuma an taɓa yin kusan shekara biyu ana jira, daga Oktoban 2014 zuwa Satumban 2016. A Oktoban 2012 ne aka fito da hanyar da mai shafi zai loda jerin linkin da ya barranta da su ya ce Google kada ka lissafa min waɗannan.

Nan ƙanina ya tsorata ya ce "Yaya to shikenan an kashe min shafi?" Na ce kwantar da hankalinka, duba ɓangaren hukuncin hannu tukuna. Muka duba, babu komai, fes. Dalili kuwa tun Satumban 2016 aka canza wa Penguin hali, ya koma aiki kullum ba jira, kuma maimakon ya danne shafinka gaba ɗaya sai ya fi karkata ga zubar da darajar linkin banzan kawai, kamar ba a yi su ba. A Disambar 2022 kuma Google ya sanar cewa ya saka tsarinsa mai koyo da kansa, SpamBrain, yana gano masu sayen linki da shafukan da aka buɗe don sayar da linki kawai, yana kashe tasirinsu, kuma ya ce abin ya shafi kowane harshe, don haka masu cewa ai Google bai iya Hausa ba ba zai gane ba su daina yaudarar kansu, tsarin shukar linki iri ɗaya ne ko da wane harshe aka yi. Wato abin da ya faru da yaron nan shi ne ya biya kuɗi an kai masa shaidu 5,000 kotu, alƙali ko kallonsu bai yi ba. Shi ya sa shafin bai motsa ba. Araha dai ba ta ado. Ban ce masa ya ɓata dare yana barranta da su ɗaya bayan ɗaya ba tunda babu hukunci a kansa, amma na ce ya riƙa leƙa ɓangaren nan duk sati, in saƙo ya shigo to dole mu zauna mu yi.

Akwai wani abin da mai sayar masa ya yi ta nanatawa a saƙonninsa, wai shafukan duk masu "DA 60 zuwa sama" ne. Wannan lambar ita ake ruɗar mutane da ita. DA ma'aunin ƙarfin shafi ne na wani kamfani mai suna Moz, DR kuma na Ahrefs ne, kamfanoni ne masu sayar da kayan aiki ga masu shafuka, suna hasashe ne da nasu lissafin, kuma ma'aikatan Google sun sha faɗa cewa ba sa amfani da waɗannan lambobin. Suna da amfaninsu in kana kwatanta shafuka, ban ce a yar da su ba, amma ana iya hura su kamar balan-balan. Google ya taɓa nuna wa jama'a lambar PageRank daga 0 zuwa 10 a wani ɗan koren layi a saman burauza, mutane suka mai da shi farashin kasuwa ana sayar da linki da shi, sai ya daina sabunta shi bayan 2013 ya cire shi gaba ɗaya a 2016. Wata dabarar masu sayarwar kuma ita ce sayen tsohon adireshin da wa'adinsa ya ƙare, na wata makaranta ko ƙungiya da ta daina aiki, su cika shi da tarkace suna cin tsohon mutuncinsa, wannan ma a Maris 2024 Google ya saka shi cikin jerin abubuwan da ya haramta ƙarara.

Ba wai biyan kuɗi don a tallata ka laifi ba ne fa. In ka biya jarida ta saka tallarka babu matsala, sharaɗin kawai a yi wa linkin alama. Tun Janairun 2005 aka fito da alamar nofollow, Google da Yahoo da MSN suka amince da ita, don maganin masu zuba linki a wajen sharhi, ma'anarta ga linki amma ban tsaya masa ba. A Satumban 2019 aka ƙaro biyu, sponsored don na talla, ugc don wanda baƙi suka rubuta. Shi ya sa wahalar da wasu ke sha suna bin shafukan mutane suna manna adireshinsu a ƙarƙashin kowane rubutu, ko su kutsa Wikipedia su saka, kusan aikin banza ne ta fuskar nauyi, linkin da ke fita daga Wikipedia nofollow ne.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma wannan namu ne mu masu rubutu da Hausa. Mu ba ma nuna juna. Mutum zai kwana yana rubuta bayani mai kyau, washegari ka gan shi a shafuka bakwai an kwafe kaf, wani ko sunan marubucin ba zai saka ba, mai ɗan adalci ya rubuta "an ciro" a ƙasa amma ba linki. Sauran yaɗawar kuma duk a WhatsApp take, inda injin bincike ba ya ganin abin da ke cikin saƙonni, ko a Facebook inda mutane za su zo su karanta, alhamdulillah wannan ma riba ce, amma ba irin shaidar da muke magana ba ce. Sai ya zama muna da rubutu masu kyau amma a idon injin kowa tsibiri ne shi kaɗai ba gada. Sannan mu zo muna mamakin me ya sa in an yi bincike da Hausa sai manyan kafafen labarai na waje kaɗai ke fitowa a sama. Wannan giɓin ne masu sayar da linkin bogi ke shigowa ta cikinsa.

Ni na ga amfanin linki ɗaya na gaske da idona. Akwai rubutun da na yi a kan jadawalin rigakafin kaji, yaushe ake ba da Gumboro yaushe ake ba da Lasota, yadda ake hana su ruwa na ɗan lokaci kafin a ba su don su sha da kyau, da kuskuren da mutane ke yi na haɗa maganin da ruwan famfo mai kulorin. Ya fi shekara yana kwance ba mai kula shi. Sai wani malami a wata kwalejin aikin gona, ban san shi ba bai san ni ba, ya saka shi a shafin sashensu cikin abubuwan da yake so ɗalibai da manoma su karanta, da jimla ɗaya yana cewa ga bayani da Hausa ga wanda Turanci ke ba wahala. Wallahi mutanen da suka riƙa zuwa ta nan daban ne, suna karantawa har ƙarshe, suna turo tambaya, wata baiwar Allah ta turo hoton kajinta guda 200 tana tambayar ko ta makara. A hankali rubutun ya hau, har yau shi ne ya fi kowane kawo min mutane daga Google. Tun daga lokacin duk wanda na amfana da rubutunsa sai na saka linkinsa a tsakiyar nawa da sunansa, ba na jiran ya rama.

Kafin a kira magariba muka ɗauko takarda ni da ƙanina. Na ce matarka ta san abubuwan da ba kowa ya sani ba, yadda ake gane farce mai kyau, me ya sa wata humrar ke canza ƙamshi bayan wata biyu, yadda ake ajiye turare lokacin damina kada ya yi sanyi, ku zauna ta faɗa kana rubutawa, ku ɗauki hoton kayanku na gaske ba na intanet ba. Sannan muka lissafa mutanen da suka riga suka san aikinsu kuma suke da shafi, aka samu uku, wata mai gyaran amare da ta shekara biyu tana sayen kayansu, wani mai ɗaukar hoton biki, da wata 'yar jarida da ta taɓa tambayar matarsa hira ita kuma kunya ta hana ta. Ya ce "Yaya uku fa kawai?" Na ce fara da 'yar jaridar, ka ce wa matarka Maman Hanan ta kira ta gobe da safe. Ya naɗe takardar ya saka a aljihun gaba, muka rufe shago muka wuce masallaci.